Yadda za ka zaɓi furosesa da madabod idan kuɗinka kaɗan ne

Fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin ita ke yanke wace madabod za ka saya, wato babban allon da ake haɗa sauran kayan kwamfuta a kai. Idan aikinka rubutu ne, karatu da kallon bidiyo, Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD ta ishe ka. Tana da sashen hoto a cikinta, ba sai ka sayi katin hoto daban ba, kuma nan ne kuɗi ya fi tafiya. Ta ɓangaren Intel, Core i3-12100 ma ta yi, amma ka guji wadda ke da harafin F a ƙarshe, ba ta fitar da hoto ita kaɗai.

Sai ka duba soket, wato gurbin da furosesa ke zama a kan madabod. 5600G na zama a AM4, don haka nemi madabod B450 ko B550. Ita kuwa i3-12100 sai LGA1700, madabod H610 ta wadatar. Idan B450 ce, ka tambayi mai shago ko an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da madabod, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba.

Ka tabbatar madabod ɗin tana karɓar RAM nau'in DDR4, tana da gurbin M.2 na saka ma'ajiyar bayanai (SSD).

Kafin ka biya, haska fitilar wayarka kan ƙananan alluran da ke haɗa furosesa da soket. A 5600G suna jikin furosesa, a Intel suna cikin soket. Ko ɗaya ta lanƙwashe, ka ajiye ta.