Yadda Ake Shirya Fitar Ganin Ƙasa ta Masu Karatun Littattafan Soyayya Daga Zariya

Shekara huɗu ke nan ni da ƙawayen karatuna muke fita daga Zariya, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, mu ɗauki littattafan soyayyar da muka fi so mu je mu karanta su a gindin dutse ko a bakin rafi. A tsawon wannan lokaci na ga waɗanda suka kwaikwayi abin, kuma yawancinsu fita ɗaya suka yi suka watse, wasu ma da rigimar kuɗi a tsakaninsu. Ba zan tsaya a kan neman izinin maigida ko na iyaye ba, domin duk wadda ta kai ga tunanin wannan tafiya ta san da nan ake farawa.

Matakin farko shi ne a zaɓi abin da za a karanta kafin a zaɓi wurin da za a je. Sababbin shiga sukan juya abin, su ce madatsar ruwa ta Tiga za mu, sannan kowacce ta ɗauko babin da ya fi burge ta. To, mafi yawan littattafan soyayyarmu a falo da ɗakin girki da ofis suke gudana, wasu a Abuja, wasu a Dubai, kuma babu abin da ya kai rashin armashi kamar a zauna a kan falalen dutse, iska na kaɗawa, a ji ana karanta rigimar kishiyoyi a kan kujerun falo. A nemo wuraren da marubuciya ta fitar da jarumarta waje: inda aka kai ta ƙauye wajen kakarta, inda masoya suka haɗu a hanyar rafi, inda aka ratsa rugar Fulani ko aka yi tafiyar kai amarya. Irin waɗannan babuka ba su da yawa, shi ya sa nake ba kowacce mako biyu ta lalubo nata. Shafi uku zuwa huɗu ya isa. Wadda littafinta a waya yake ta kai a buga mata shi a takarda, domin hasken rana ba ya barin a ga rubutun waya, caji kuma yakan ƙare a ɗaukar hoto. Babin da ba za a iya karantawa a gaban direba ba, a bar shi a gida.

Bayan an tara babukan sai a duba irin ƙasar da suka fi ambata, a zaɓi hanya guda ɗaya tak. Zariya ta yi sa'a da hanyoyi. Idan dutse ake so, Kufena na nan bayan Wusasa, ana iya zuwa a dawo kafin azahar, kuma wadda ta jure ta ɗan hau za ta hango gari da rimayensa da sauran tsohuwar ganuwar da ta kewaye dutsen. Ga fitar farko ban yarda a wuce Kufena ba. Idan labarin na sarauta ne da 'ya'yan sarakuna, Turunku da ke ƙaramar hukumar Igabi ta dace, tunda daga can ne tarihi ya ce gidan su Sarauniya Amina ya taso. Idan fadama da rafi ake nema, hanyar Jos ce, wadda ke tsallake kogin Galma ta bi ta Maigana da Soba da Dutsen Wai zuwa Pambeguwa, gonakin masara da dawa dama da hagu, da ɗorawa da kaɗanya a tsakaninsu. Sai dai kada a ruɗu a ce za a kai Jos a dawo a yini guda, tafiyar ta haura kilomita 200, kuma za a ƙare ne a cikin mota. Hanyar Kano, mai kimanin kilomita 150, tana da gonakin raken ƙasar Maƙarfi, tana kuma kai mutum kusa da madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Kowace hanya aka zaɓa, ana gobe za a tafi a tambayi direbobin da ke bin ta kullum halin da take ciki ta fuskar tsaro, idan sun yi jim kafin su amsa, a ɗage tafiyar.

Lokacin da nake ganin ya fi shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa amma ƙasa tana nan kore shar, dawa ta fitar da kai, rafuka da sauran ruwansu. A watan Agusta dutse yana santsi kuma hadari ba ya sallama. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hazo ne, sai a sha wahalar hawa Kufena a rasa abin gani sai farin ƙura.

Yanzu sai maganar mota, wadda ita ce ta taɓa ɓata mana tafiya gaba ɗaya, kuma a kanta nake so a fi natsuwa. A fitarmu ta biyu mu goma sha huɗu ne, muka ɗauki shatar bas daga wata tasha, na ce wa direban za mu je wajen Soba yawon buɗe ido mu dawo. Ya faɗi kuɗi, na ga da sauƙi, na biya duka nan take ina murna. Ashe shi a lissafinsa kai mu zai yi, mu ɗauki hoto, ya juyo da mu kafin azahar ya samu wani sawun. Mun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da rafi, wata ƙanwarmu ta miƙe ta fara karanta inda jarumar ke wanki tana jiran wanda ya yi mata alkawari, ba ta kai ƙarshen shafin farko ba sai muka ji ham. Ko injin bai kashe ba. Na je na same shi, ya ce, "Hajiya, ni fa lodi ke jirana a tasha." Na ce, "Haba Malam, ai yini muka ɗauke ka." Ya ce, "A'a Hajiya, zuwa da dawowa kika ce, ba ki ce zama ba." Da na duba maganar sai na ga gaskiyarsa, domin ni ce ban faɗa ba. Ƙarshenta sai da muka yi sabon karo-karo a bakin hanya, wasu suka ce ba su fito da kuɗi ba, aka dawo gida ba mai yi wa wata magana.

Tun daga ranar, ga yadda nake yi. Direban haya da sawu yake lissafi, saboda haka awanni ake saya a wurinsa, kuma da bakinki za ki faɗa masa: daga ƙarfe bakwai na safe zuwa ƙarfe huɗu na yamma motarka tamu ce. A lissafa masa wuraren tsayawa da sunayensu da tsawon zaman kowanne, a gaya masa ƙarara cewa akwai inda za a yi awa biyu cur ana karatu, shi kuwa yana zaune ba ya komai. A raba kuɗin mai da kuɗin aikinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka gara a shiga gidan mai tare da safe a sha a gabanku, kada a bar shi ya ƙiyasta. A ba shi kashi ɗaya cikin uku na ladansa kafin alƙalami, sauran sai an sauke kowa a inda aka ɗauke ta. Duk wannan a yi shi a gaban wani babba na tashar, a rubuta a takarda ko da da biro ne a bayan kwali, kowa ya riƙe nasa. A ƙara da sharaɗi biyu da mutane ke mantawa, cewa ba zai ɗauki fasinjan hanya ba ko da akwai kujera, kuma rediyonsa a kashe yake in ana magana. Sannan a sa shi a lissafin abinci, da shi da yaron motarsa, domin direban da ya ƙoshi ya samu inuwa ba ya matsa ham. Wadda ke da ɗan'uwa mai mota ƙirar Sharon ta huta da rabin wannan wahala, amma shi ma a biya shi, aikin alfarma ba a iya yi masa gyara.

Kuɗin tafiyar kuwa a gama tattara shi mako guda kafin ranar, a hannun mutum ɗaya, a ɗora kashi ɗaya cikin goma a kai saboda faci da abin da ba a zata ba. Wadda ba ta biya ba zuwa ranar da aka yanke, ba ta cikin tafiya, ko da ita ce ta kawo shawarar. Yawan mutane kada ya wuce goma sha biyu, domin in kowacce za ta karanta na minti goma, awa biyu ke nan, abin da ya haura haka kuwa na ƙarshe kansu kawai suke karantawa. A tafi da namiji babba ɗaya daga cikin 'yan'uwa.

Idan an isa, kafin a sauke tabarma a nemi mai unguwa ko dattijon da ke kusa a gaishe shi, a faɗa masa abin da ya kawo ku. A Kufena da Turunku wannan gaisuwa ce ke samar muku yaron da zai nuna hanyar hawa mai sauƙi, a sallame shi da ɗan abin da ya samu. Kada a shiga gonar mutane don hoto, kuma kada a ɗauki matan ruga ko 'yan mata masu tallar nono sai an tambaye su. A fara karatu tun da hantsi kafin a buɗe kula, domin bayan an ci dambu an sha zoɓo babu mai sauraron kowa. Mai karatu ta tsaya ta ba iska baya, sauran su zauna, wayoyi a cikin jaka har ta gama. Bayan kowane babi nakan tambayi abu ɗaya, wato me marubuciyar ta ambata da muke gani a nan, me kuma ta tsallake. A nan ne hira ke daɗi, har wata ta taɓa lura cewa an sa jaruma tana tsinkar mangwaro a tsakiyar kaka, alhali mangwaro ɗan bazara ne.

Sauran abubuwan ƙanana ne. A bar takalmi mai tsini a gida, a ɗauki buta biyu da jarkar ruwan alwala da sallaya, a tabbatar motar tana da safaya da jak da takardu cikakku saboda shingayen hanya. Ledoji da robobin ruwa a kwashe su a dawo da su. Hotuna a tura wa mutum ɗaya ta tace, kuma ba a yaɗa hoton kowa sai da yardarta. A yi azahar a can, ƙarfe biyu da rabi a naɗe tabarmi ko da saura babi biyu ba a karanta ba, la'asar ta same ku a cikin Zariya.