Yadda za ki kai falsafar jinya bakin gadon majinyaci

Duk wadda ta shiga makarantar nas ta san darasin nan na shekarar farko da ake haddacewa saboda jarabawa: mutum, lafiya, muhalli, da jinya, wai a kan waɗannan huɗun aka gina aikin gaba ɗaya. To ana fara fostin, wato tura ɗalibai koyon aiki a asibiti, sai ki ga an bar su a aji, an koma allura da ƙarin ruwa da cika folda kawai. Ƙanwata, ga yadda ake aiki da su a wod (maza ma ku saurara, da ku nake).

Ki fara da mutum ɗin. Kada bakinki ya saba da "gado na shida" ko "mai sugan nan". Ki yi sallama, ki ce Baba ya jiki, Mama an kwana lafiya, ki faɗi sunanki da abin da kika zo yi, sannan ki nemi izini kafin ki taɓa. Ki ja labule, inda ba za ki duba ba ki bar shi a rufe, don dattijon da jikokinsa ba su taɓa ganin kansa ba hula ba, kunyar da yake ji wani ciwon ne a kan ciwo. Kuma ki tambaya me aka sha a gida, jiƙo ne ko wani gari, amma fa ba da faɗa ba, in kika ɗaure fuska wallahi cewa za a yi ba a sha komai ba alhali gorar na ƙarƙashin gado, ke kuma kina buƙatar sani saboda ƙoda da hanta.

Wajen da na fi so ki tsaya shi ne maganar Virginia Henderson, wata nas 'yar Amurka. Ita a ganinta aikin nas shi ne ta yi wa mutum abin da da kansa zai yi wa kansa in da yana da ƙarfi ko sani ko niyya, kuma ta yi shi ta yadda zai daina buƙatarta da wuri. Ta lissafa buƙatu 14, tun daga numfashi, ci da sha, bayan gida, barci, har ibada gwargwadon addinin mutum. Wannan na ƙarshen da sauƙi: ki faɗa masa lokacin salla ya yi, ki nuna masa gabas, in hannu na da bandeji a kawo masa abin taimama. Mai wuyar shi ne barin mutum ya yi da kansa. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, matarsa za ta so ba shi kunu a baki, ke ma da kike sauri hakan ya fi miki, amma in dai an tabbatar yana iya haɗiya ki zaunar da shi sosai, ki damƙa masa cokali a hannun mai lafiya ki tsaya a gefe, zai zubar a riga, zai ji haushi, 'yan uwa za su kalle ki kamar marar tausayi, ki yi musu bayani cewa gida za a koma kuma can babu nas.

Maganar muhalli kuwa wurin Florence Nightingale, wata nas 'yar Ingila, muka gaje ta. A 1854 ta je asibitin sojan Ingila a Scutari, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kisa, a 1860 kuma ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas a Landan. Ki buɗe taga, ki canza zanin gadon da ya jiƙe, ki wanke hannu kafin ki taɓa majinyaci da bayan kin taɓa shi, safar hannu ba ta ɗauke miki wannan. Wanda ba ya iya motsi ki juya shi duk awa 2, ki leƙa ƙugu da diddige tun fata na ja kafin ta zama gyambo.

Matakai 5 ɗin nan da ake sa ku rubutawa, dubawa, gano matsala, tsari, aiwatarwa, sake dubawa, an yi su ne don kada nas ta zama 'yar aike. Ki lura da idonki. In za ki ƙirga numfashi kada ki sanar, ki ci gaba da riƙe wuyan hannu kamar bugun jini kike ji, ki kalli ƙirji minti guda cur, babba 12 zuwa 20 ne daidai. Wasu 20 kawai suke rubutawa kowa da kowa, kada ki koyi wannan. In odar magani ta yi miki wani iri ki tambayi sista ko likita kafin ki bayar.

Sai amana. Ƙungiyar nas ta duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗabi'a tun 1953, sirri na ciki. Ba hoto, ba sitatus, kuma surukar da ta ja ki gefe tana tambayar sakamakon gwajin amarya ki ce mata ta tambayi mai shi.

Ranar sallama kada ki miƙa ledar magani ki ce safe da yamma. Ki sa mai jinya ta maimaita miki da bakinta wanne ne kafin abinci, wanne bayan abinci, in ba ta karatu ki zana mata layuka a jikin kwalin, sannan ki faɗa mata alamun da in ta gani su dawo ko da tsakar dare ne, ba sai ranar kilinik ba.