Kurakuran da muke yi wajen nema wa iyayenmu gidan jinya a Ingila

Ina cikin 'yan Najeriyar da suka shigo Ingila bayan an buɗe wa masu kula da tsofaffi ƙofar biza a 2022. Da hannuna nake yi musu wanka, in ba su abinci a baki, in juya su cikin dare. Shi ya sa mutanenmu na nan kan kira ni, yawanci a ɓoye, murya ƙasa-ƙasa: "Anti, jikin Baba ya ƙi, asibiti sun ce sai dai a nema masa gida."

Wannan ɓoyon shi ne kuskuren farko, kuma daga gare shi sauran suke tsiro. Mun taso mun ga kaka a ɗakinta, jikoki na shiga da fita, 'ya'ya da surukai na karɓa-karɓa. A nan kuwa miji da mata duk suna fita aiki, ɗaki biyu ne a saman bene, ga tsoho da shanyewar ɓarin jiki, ko gigin tsufa ya kama shi har yana buɗe ƙofa da tsakar dare ya fita cikin sanyi. Duk da haka, saboda tsoron abin da za a ce a gida, ba mai tayar da zancen sai ranar da ya faɗi ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi, asibiti kuma na neman gadonsu. A lokacin duk gidan da ke da gurbi shi ake karɓa. Tun kuna da sukuni ku kira ƙaramar hukumarku ku nemi a zo a auna buƙatunsa. Kyauta ne, kuma sau da yawa sai a ga ma bai kai ga barin gida ba, masu kula za su riƙa zuwa safe da yamma. Tun yana cikin hayyacinsa ku tambaye shi abin da yake so, ya kuma rubuta takardar wakilci, wadda suke kira Lasting Power of Attorney, domin in hankali ya gushe ba ta yiwuwa, sai an bi ta kotu.

Sai rashin sanin cewa gidajen iri biyu ne. Akwai wanda wanka da ci da sha da ba da magani kawai ake yi. Akwai kuma wanda dare da rana ba a rasa cikakkiyar nas a ciki. Mai ci ta tiyo, ko mai gyambon kwanciya da ya yi zurfi, na biyun ne nasa. Ku tambaya tun farko: in jikin ya ƙara tsanani, za ku iya riƙe shi ko za ku ce mu ɗauke shi? Sauya wa mai gigin tsufa wuri sau biyu ba ƙaramar azaba ba ce.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne zaɓe da ido. A kai mutum falo mai kafet da furanni, a ba shi shayi, ya fito yana cewa ai wurin kamar otal. Kafet ba ya yi wa kowa wanka. Ku koma ba tare da sanarwa ba, lokacin cin abincin rana ko ranar Lahadi da yamma. Ku tsaya ku saurara: in ƙararrawar ɗaki ta yi ƙara, minti nawa kafin a amsa? Ku dubi farcen mazauna da gashinsu, da ko kofin ruwa na kusa da hannunsu. Mai ba da abinci a zaune take daidai fuskar tsohuwar, ko a tsaye take tana ɗura mata tana kallon agogo? Sannan ku tambayi manaja ma'aikata nawa ke kwana a kan mutum nawa, kuma nawa ne 'yan gida, nawa ne na haya da ake turowa daga kamfani. Baƙuwar fuska kullum ba za ta gane yau Baba ya yi shiru fiye da jiya ba.

Hukumar CQC ce ke duba gidajen nan a Ingila, kuma rahotonta na intanet kyauta. Matsayi huɗu take bayarwa, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza. Mutane kan ga "mai kyau" su rufe shafin. Ku dubi ranar da aka yi binciken, don wani ya shekara da shekaru, manajan ma ya canja. Ku karanta sashen tsaron lafiya da na shugabanci da kanku. Wanda ke Sikotilan kuma hukumarsu daban ce.

Sai maganar addini da harshe, wadda muke jin nauyin faɗa kada a ce mun cika fitina. "Muna da halal" a wani gidan na nufin kifi da dankali kullum. Ku tambayi inda suke sayen naman. Ku faɗa ƙarara cewa Hajiya mace ce za ta yi mata wanka, cewa da ruwa take tsarki, a ajiye buta, a nuna mata alƙibla. Kome ya shiga takardar tsarin kulawarta, domin mai aikin dare abin da ke rubuce take bi. Na taɓa tarar da wani dattijo da ya yi shekaru fiye da talatin a ƙasar nan, gigin tsufa ya ɗauke masa Turancin kaf, sai Hausa. Yana ta cewa "ruwa, ruwa", an rubuta a littafi cewa sambatu yake yi. Leɓensa duk ya tsage. Da na miƙa masa kofi ya shanye, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ku rubuta musu kalmomi goma da ma'anarsu ku manna a bango. Zancen jana'iza ma a yi shi tun yanzu, su san wa za su kira da dare, su san ba ma jinkirta binnewa.

Kuɗi kuwa, kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗinsa, ƙasa da haka ƙaramar hukuma na shigowa gwargwadon hali. Ana iya lissafa gidansa a ciki, amma ban da in matarsa na zaune a gidan. In kun zaɓi wurin da ya fi abin da hukuma za ta biya tsada, cikon na kan wanda ya sa hannu, kuma kuɗin na hawa kusan kowace shekara. Mai ciwo mai tsanani ku nemi a auna shi a tsarin hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, mai suna Continuing Healthcare, wanda in ya cancanta su ke ɗaukar kuɗin duka.

Na ƙarshe, zaɓen gida mai nisa saboda sunansa, har ziyara ta koma ta ƙarshen wata. Gara mai kyau da za ku iya leƙawa bayan aiki. Ku riƙa zuwa a lokuta daban-daban, ku san sunayen masu kula da shi, ku gaishe su. In kun je kada ku tsaya a gaisuwa daga bakin gado. Ku ɗaga bargon, ku duba dunduniyarsa da ƙasan bayansa. Fatar da ta yi duhu fiye da kewayenta, ko ta yi zafi ko tauri, farkon gyambo ne, kuma a baƙar fata ba ya nuna ja kamar yadda littattafansu suka koya musu. In kun gani ku kira nas a take, ku tsaya har a rubuta.