Yadda ake auna siffa da girman ƙwayar maniyyin kare

Mafarauci zai kawo kare ƙosasshe, ya ce an sha haɗa shi da karya amma shiru. Ƙiba ba ta nuna haihuwa, sai an duba maniyyin a madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa.

Maniyyin kare kashi uku yake fitowa. Na biyu, mai fari kamar madara, shi ke ɗauke da ƙwayoyin, shi za a tara. A ɗumama gilashin gwaji zuwa digiri 37 tukuna, domin sanyin hunturu na lanƙwasa jelar ƙwaya, a ɗora wa kare laifin da ba nasa ba. A ɗiga ɗigo ɗaya, a gauraya da ɗigon rinin eosin-nigrosin, a shafa siriri, a bari ya bushe. Shafi mai kauri kan sa ƙwayoyi su hau juna.

Sai a ɗiga man madubi, a ƙara girma sau 1000, a ƙirga ƙwaya 200. Kan lafiyayyar ƙwaya kamar ƙwai yake, tsawonsa wajen maikuromita 6 zuwa 7 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), faɗinsa kusan 4, jela miƙe. A ware mai kai biyu, mai ƙanƙanin kai ko tsinkakke, mai naɗaɗɗiyar jela, da mai ɗan ƙullutu a wuya. Ana son lafiyayyu su kai kashi 80 cikin 100. Idan sun gaza 60, haihuwa na raguwa.

Gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Zazzaɓin kaska da zafin bazara na ɓata maniyyi, sabo kuma sai ya kwana 62 kafin ya nuna. A maimaita bayan wata biyu.