Yadda za ka hana wata folda hawa OneDrive, Google Drive ko Dropbox ba tare da ka yi asarar fayilolinka ba

Da yawa cikin masu sayen laftof a Computer Village da ke Ikeja, da zarar sun shiga da asusun Microsoft, OneDrive ya fara kwasar abin da ke Desktop da Documents da Pictures yana turawa sama, wato ma'ajiyarsa ta intanet, su kuwa ba su da labari. Ba sa farga sai datar MiFi ta ƙare cikin kwana biyu, ko saƙo ya faɗo cewa ma'ajiya ta cika. Gigabayit 5 kacal OneDrive ke bayarwa kyauta, iCloud ma 5, Dropbox 2, Google 15, kuma na Google ɗin raba shi ake yi tsakanin Gmail da Drive da Photos. Mai ɗaukar bidiyon biki a Agege, aikin kamu da yini kaɗai yana iya kai gigabayit 30. In layinsa yana tura megabit 5 a daƙiƙa, foldar nan sai ta ci sama da awa 13 kafin ta gama hawa, in ma wuta ta bar shi.

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka fara tantance abin da kake nufi da cire folda, don abu biyu ne mabambanta. Na farko: folda ta zauna a sama, ta bar kwamfutarka, don ka samu fili. Na biyu: folda ta zauna a kwamfutarka, kada ta hau sama, don ka tsira da data da ma'ajiya ko don sirri. Yawancin asarar da ake yi daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa. Maɓallin da kamfanonin nan suka sa a gaba-gaba kusan kullum na farkon yake yi, alhali mai fama da kuɗin data na biyun yake nema.

Mu fara da OneDrive, tunda shi ya fi shiga rayuwar mutane ba sallama.

Danna alamar girgije da ke kusa da agogo, ƙasa ta hannun dama, ka shiga Settings, sannan Account, sannan Choose folders. Jerin foldodi zai fito, kowace da alamar zaɓi a gefenta. Wadda ka cire wa alamar za ta ɓace daga kwamfutar, amma tana nan daram a onedrive.com. Wato wannan maganin ƙarancin fili ne. Kada ka taɓa shi sai girgijen ya nuna ya gama tura komai. Kuma in filin kaɗai kake so, akwai hanya mafi sauƙi: danna foldar da maɓallin dama ka zaɓi Free up space. Sunayen fayilolin za su tsaya a wurinsu da alamar shuɗin girgije, ba sa cin fili, sai ka buɗe ɗaya zai sauko. Alamar kore mai fari a tsakiya tana nufin fayil ya sauko amma ana iya mayar da shi, koren da'ira cikakkiya kuwa tana nufin an ce ya zauna a na'urar dindindin.

Za ka lura cewa Documents da Desktop da Pictures ba sa yarda a cire musu alama a can. Dalili shi ne suna ƙarƙashin wani tsari daban. Je Sync and backup, ka danna Manage backup, a nan ne ake kashe su ɗaya bayan ɗaya. To a nan hankalin mutane ke tashi: ka kashe, ka koma Desktop, ka gan shi wayam. Ba abin da ya ɓata. Fayilolin suna cikin C:\Users\sunanka\OneDrive\Desktop, kai ne za ka dawo da su mazauninsu na asali da hannunka. Sababbin nau'o'in manhajar sukan tambaye ka inda kake so a bar su, don haka ka karanta abin da ya fito kafin ka danna.

Yanzu ga buƙatar da ta fi yawa: ƙaramar folda ce ɗaya a cikin Documents, ta bidiyo ko ta wani aiki mai nauyi, ba ka so ta hau, amma sauran su ci gaba da hawa. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ka fitar da ita daga gidan OneDrive gaba ɗaya. Amma tsarin matakan shi ne komai.

Buɗe sabuwar folda a wajen OneDrive, misali C:\Aiki, ko a faifan D in kana da shi. Koma kan foldar da za ka fitar, danna maɓallin dama, zaɓi Always keep on this device, ka jira har kowane fayil ya samu cikakkiyar koren da'ira. In wasu suna sama ne kawai, sai sun sauko tukuna, kuma saukowar data take ci, saboda haka ka yi wannan a inda akwai Wi-Fi mai arha. Daga nan ka yi kwafi zuwa C:\Aiki. Kwafi muka ce, ba yankewa ba, domin in wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakar aiki, asalin yana nan. Buɗe Properties na foldodin biyu ka gwada yawan fayiloli da girmansu. In lambobin sun yi daidai, ka buɗe fayil uku ko huɗu daga sabon wurin ka tabbatar suna aiki, musamman manyan. Sai bayan haka za ka goge ta cikin OneDrive.

Ka sani gogewar nan ba ta tsaya a kwamfutarka ba. Za ta goge foldar a sama, da wayarka, da kwamfutar shago, da wajen duk wanda ka ba shi damar shiga. Abin da daidaitawa ke nufi ke nan: abin da ka yi a nan shi za a yi a can. In fayilolin sun haura 200 OneDrive yakan tsaya ya tambaye ka ko da gangan ne. Abin da aka goge yana zama a kwandon shara na sama kwana 30 ga asusun mutum, kwana 93 ga asusun ma'aikata ko makaranta. Muddin yana cikin kwandon kuwa ana lissafa shi cikin ma'ajiyarka, shi ya sa wani zai goge gigabayit 4 ya ga saƙon cikar ma'ajiya bai tafi ba, an gudu ba a tsira ba. Sai ka shiga onedrive.com ka zubar da kwandon, bayan ka gamsu da kwafin da ke hannunka.

In ka saba ganin foldar a cikin Documents, ka ajiye gajeriyar hanya ta yau da kullum a wurin, wadda ake samu ta Create shortcut. Ɗan ƙaramin fayil ne, shi kaɗai zai hau. Dabarar mklink, umarnin Windows na ƙirƙirar mahaɗi zuwa wata folda, da wasu masu gyara ke koyarwa kuwa, Microsoft ba ta goyon bayan daidaitawa ta irin wannan mahaɗi, don haka a bar ta.

Google Drive na kwamfuta ya canza tun 2021, lokacin da Drive for desktop ya maye gurbin Backup and Sync. Wanda ya san tsohon yakan yi ta laluben inda ake cire alamar ƙananan foldodi, bai san an ɗauke wurin ba. Yanzu zaɓi biyu ne a Preferences. Mirror files yana sauko da dukan My Drive ɗinka kwamfuta, ba zaɓe. Stream files yana nuna komai a wani faifai, galibi G, ba tare da ya sauko ba, sai foldar da ka danna wa Available offline. Ga mai amfani da datar waya, Stream ne daidai. In ka sauya daga Mirror zuwa Stream, tsohuwar foldar tana nan a kwamfutar amma ta daina daidaitawa, kuma duk abin da ka ci gaba da ajiyewa a cikinta ba zai hau ba. Ka sake mata suna nan take don kada ka ruɗe.

Ta ɓangaren turawa sama, Drive yana ɗaukar foldar da ka ba shi ne da duk 'ya'yanta. Saboda haka kada ka ba shi uwar. Maimakon Documents gaba ɗaya, ka cire ta, ka ƙara Rasit da Lissafi da Takardun kwastan ɗaya-ɗaya ta Add folder. Abin da ya riga ya hau ka neme shi a sashen Computers a drive.google.com, ka goge wanda ba ka so.

Dropbox ne ya raba abubuwan biyu ƙarara. Selective sync, a ƙarƙashin Sync cikin Preferences, yana barin folda a sama ya cire ta a kwamfuta. Kuskuren da ake yi: a cire folda, daga baya a buɗe wata mai irin sunan a wuri guda. Dropbox zai manna mata kalmomin Selective Sync Conflict, a wayi gari da foldodi biyu. Hana folda hawa kuwa da umarni ake yi. A Windows, buɗe PowerShell, manhajar rubuta umarni, ka rubuta:

Set-Content -Path 'C:\Users\sunanka\Dropbox\Bidiyo' -Stream com.dropbox.ignored -Value 1

Alamar ragi mai ruwan toka za ta bayyana a kan foldar. Za ta zauna a kwamfutar, amma za a cire ta daga sama da sauran na'urori, don haka ka yi umarnin a kwamfutar da ke da cikakken kwafi. Alamar a jikin foldar take, in wata manhaja ta goge foldar ta sake ƙirƙirarta, sai ka maimaita umarnin.

Masu Mac da iCloud Drive nasu gajere ne: ƙara .nosync a ƙarshen sunan foldar, Bidiyo ta zama Bidiyo.nosync. Sai dai manhajar tace bidiyo da ta san tsohon sunan za ta ce fayilolinta sun ɓata, sai an sake nuna mata hanya.

A waya, ɓarnar daga WhatsApp take zuwa. A Google Photos shiga saitin Backup, ka buɗe Back up device folders, ka kashe WhatsApp Video da WhatsApp Images, in ba haka ba duk wa'azi da barkwancin da aka tura zauren 'yan kasuwar Mile 12 sai ya hau ma'ajiyarka. A cikin WhatsApp kansa, a Chat backup, kashe Include videos, domin tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android tana shiga lissafin gigabayit 15 ɗin nan.

Ba girma kaɗai ke sa a fitar da folda ba. Fayil ɗin da manhaja ke riƙe da shi a buɗe tana rubutu a kai duk yini, irin .pst na Outlook, ko rumbun bayanan Access, ko na manhajar lissafin shago, bai dace da daidaitawa ba. Kowane ɗan canji sai an sake turawa, kuma in kwamfuta biyu suka buɗe shi lokaci guda sai a samu kwafi biyu masu saɓani, OneDrive ya liƙa wa ɗaya sunan kwamfuta, a rasa wanda ke da cinikin jiya. Irin wannan a ajiye shi waje, a riƙa fitar da kwafinsa bayan an rufe manhajar, kwafin ne zai hau. Takardun ejan na Apapa da rasit da hotunan katin shaida kuwa ƙanana ne, su ya kamata a bari su hau.

Foldar da ka fitar yanzu kwafi ɗaya tak gare ta, a kan faifai guda, a garin da wuta ke dawowa da ƙarfi, damina ta shiga shago. Ka tanadi faifan waje ka riƙa kwafa mata duk mako, kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin.

Da ka gama, ka gwada. Ajiye ɗan fayil mai suna gwaji.txt a cikin foldar da ka ware, jira minti biyar, ka buɗe manhajar a wayarka ka nemi sunan. In bai fito ba, aiki ya yi. In kana haɗa kwamfutar da hotsifot na waya ko MiFi, shiga Network & internet a saitin Windows, buɗe bayanan wannan layin, ka kunna Metered connection. OneDrive yakan dakata da kansa a kan irin wannan layi har sai ka koma wani.