Yadda ake yanka kofar ajiya a rufin kayak na katako

Kayak siririn kwale-kwale ne mai rufi a sama. Toh, abin da zaka fara sawa a ranka shine guntun da zaka yanke din nan shine zai zama murfin, don haka ba yankan a jefar bane, in ka bata shi sai ka nemo wani katakon kuma da kyar launinsa da lankwasarsa suyi daidai da sauran jirgin.

Kafin komai ka tabbata faibagilas (wato faiba, kyallen zaren gilashi mai karfafa katako) da ifoksi (gam mai hana ruwa shiga) da ka shafa wa rufin sun bushe sarai. Filawud din okume da aka fi amfani dashi, wanda icensa ke fitowa daga Gabon, kaurinsa milimita 4 ne kacal, in babu faiba a jikinsa zarto na tabashi zai fara tsagewa. Sai ka duba inda bangon ciki yake, wato wanda ya raba wurin zama da wurin kaya, ka bar tazara kamar santimita 5 ko fiye, saboda leben da murfi zai zauna akai yana bukatar wuri.

Ka ja layin tsakiya, ka ninke kwali biyu ka yanko siffar kofar don gefe da gefe su zo daya, kusurwoyin kuma ka zagaye su, kusurwa mai tsini anan tsagewa ke farawa kuma robar da zata toshe ruwa bata zama a wurin da kyau. Ka manna tef na takarda a rufin sannan ka zana akan tef din.

Nan ne wurin hakuri. Kar ka huda katon rami don zarto ya shiga, ramin zai zauna a murfinka har abada. Dauko siririn bakin huji na milimita 1.5 kayi huji hudu ko biyar a jere akan layin, ka hade su da wuka har bakin jigso, wato zarton lantarki mai siririn baki, ya samu shiga. Baki mai kananan hakora zaka sa, irin na yankan karfe, kuma ka tafi a hankali kar ka tura, barshi yaci da kansa, duk inda ka wuce ka manna tef a baya don kar murfin ya rufta ciki ya balle karshen yankan. Don Allah sa takunkumi, kurar faiba bata da kyau ga huhu.

Da zarar ya fita murfin zai so ya mike tunda a lankwashe aka dora rufin, sai ka manna masa hakarkari biyu na katako ta ciki masu lankwasa irin ta rufin. Ka goge bakin yankan da samfefa kadan kawai, ka shafa ifoksi sau biyu ko uku don ta nan ruwa ke shiga katako, sannan ka manna leben ta karkashin rufin kasa-kasa daidai kaurin robar da zata toshe ruwa, yadda in madauri ya danne murfin zai kwanta daidai da rufi.