Wankin mota a Ingila: inda za ka kai motarka, da aikin da bai kamata ka karɓa ba

Yawancin 'yan uwanmu da suka shigo Ingila a 'yan shekarun nan ba sa daɗewa suke sayen 'yar tsohuwar mota, musamman masu aikin kula da tsofaffi da ke bi gida-gida, saboda bas ba ya kai mutum inda yake so a kan lokaci. Lasin Najeriya yana yi maka aiki na wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, daga nan sai ka ci jarrabawarsu. Da an gama da inshora da harajin hanya, tambayar da ke biyowa a zaurenmu na WhatsApp a nan Mancesta ita ce, ina ake wanki? A gida ka saba ka miƙa wa yaro mukulli a bakin kasuwa, kafin ka gama cefane ya gama. Nan babu wannan, amma wuraren wanki sun yi yawa, kuma zaɓen bai da wuya.

Idan sauri kake yi, je wurin inji. Iri biyu ne. Akwai na gidajen mai da na manyan kantuna irin su Tesco da Morrisons: ka biya a kanta, a ba ka lamba a jikin rasit, ka danna ta a ƙofa, ka shiga ka tsaya, ka kashe mota, injin ne zai riƙa kai da komo a kanka. Akwai kuma irin na kamfanin IMO, wanda sarƙa ke jan motar ta ratsa da ita ta cikin buroshi da kumfa da iska. A wannan na biyun giya a firi take zama, kada ka ja hanbirki, kada ka taka birki, kada ka riƙe sitiyari. Mai sabuwar mota wadda birkinta ke kama kansa, ya kashe wannan tsarin tukuna. Kowanne ka shiga, ka naɗe madubai, ka kwance eriya, ka kashe waifa, ka tabbatar gilasai a rufe suke ruf. Minti biyar zuwa goma ka fito, kuɗin kuma bai cika wuce fam goma ba.

Masu cewa buroshi na karce fenti suna da gaskiya, a baƙar mota ana ganin siraran zane idan rana ta haska. Amma wanda ke jan Yaris mai shekara goma sha biyu ba wannan ne abin damuwarsa ba. Abin damuwarsa gishiri ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ana watsa gishiri a tituna don kada ƙanƙara ta kama, shi kuma yana maƙalewa a ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe. Tsatsar da ta ci bututun birki ko ƙashin mota tana iya kayar da kai a gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Saboda haka a hunturu ka ƙara 'yan kuɗi ka zaɓi wankin da ke feshin ƙasa. Ka kuma riƙa goge lambar motarka ko da tsumma ne, domin lambar da laka ta rufe tana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Wanda ke son yi da kansa, gidajen mai da yawa na da bindigar feshi da ake biya da minti. Kada dai ka kusantar da bakinta ga fenti ko gefen taya.

Wanki a ƙofar gida kuwa, ka fara duba takardar hayarka. A gidajen bene masu filin ajiye motoci na haɗaka, sau da yawa an rubuta ƙarara cewa ba a wanki a filin, kuma maƙwabcin da zai ɗauki hotonka ya aika wa masu kula da ginin ba zai yi maka magana ba tukuna, sai dai ka ga wasiƙa. Dalilinsu ba raini ba ne: magudanar da ke bakin titi a wurare da yawa kai-tsaye take zubawa a rafi, ruwan sabulu da mai kuma na kashe kifi. A lokacin sanyi ruwan da ka zubar kan daskare a hanyar masu tafiya a ƙasa. Da bazara ma akan hana amfani da tiyo idan an yi fari, kamar yadda kamfanonin ruwa na Thames da na Yorkshire suka yi a 2022, kuma tarar saɓa wannan ita ma tana kai wa fam 1,000. Bokiti da soso ba a hana su ba.

Sai wankin hannu, wanda shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Za ka gan su a tsofaffin gidajen mai da aka rufe, da filayen ajiye motoci, da bakin manyan hanyoyi. Ta fuskar tsafta sun fi inji nesa ba kusa ba: suna shiga lungun taya, su goge bakin ƙofa, su zuƙe ƙurar ciki, su wanke shimfiɗun ƙafa. Direbobin tasi da masu ɗaukar yara zuwa makaranta ba su da abin da ya fi musu shi. Ni ma nakan kai tawa. Amma kafin ka yi murnar ganin allo mai cewa fam biyar, ka yi wannan lissafin. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa. Idan mutum biyar suka taru a kan motarka na minti goma, an yi aikin minti hamsin ke nan, wato ladan ma'aikata kaɗai ya haura fam goma, ba a zo ga hayar fili da ruwa da sabulu da haraji ba. To a jikin wa ragowar ke fita? A jikin mai riƙe da soson.

Wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya da ya binciki harkar a 2018 ya ce ana ƙiyasta wuraren wankin hannu tsakanin 10,000 zuwa 20,000 a ƙasar, ya kuma sami shaidar rashin biyan albashin doka da zubar da ruwan guba a magudana a da yawa daga cikinsu. Tun kafin nan, a 2015, wani ma'aikacin wanki ɗan Romaniya ya mutu a gabashin Landan, lantarki ya kama shi yana wanka a ɗakin da mai wurin ya zuba su, kotu kuma ta ɗaure mai wurin. Ba duka ne haka ba, akwai masu gaskiya da rasit da inshora. Amma mugayen ba kaɗan ba ne, kuma sababbin zuwa suke farauta.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya zo karatun digiri na biyu, naira ta faɗi, kashi na biyu na kuɗin makaranta ya matso, ya aika takardar neman aiki wurare da yawa shiru. Sai wani ya ce masa, akwai wurin wanki, ba sa tambayar komai, kullum da yamma kuɗi a hannu. Wannan "ba sa tambayar komai" ɗin da ke faranta maka rai shi ne alamar haɗari ta farko. Duk mai ɗaukar aiki na gaskiya dole ya nemi lambar tantance izinin aikinka, wadda kake cirowa a shafin gwamnati, domin tun Fabrairun 2024 tarar ɗaukar wanda ba shi da izini ta kai fam 45,000 a kan kowane mutum a karon farko, fam 60,000 idan aka maimaita. Wanda ya yarda ya ɗauki wannan kasada ya riga ya lissafa abin da zai tatsa daga jikinka.

Akwai wani yaro da na sani tun saukarsa, mai natsuwa, mai kunya, ba ya wuce sahun gaba ranar Juma'a. Wata rana muka gaisa sai na ji tafinsa kamar bawon itace. Na juya hannun: bayan yatsun duk sun tsattsage, gefen faratan sun yi fari, maganin wanke taya ne ya cinye su saboda ba a ba su safar hannu. Takalmin ƙwallo ne a ƙafarsa, jiƙe sharkaf, a watan Janairu. Na ce, ƙanena, ina kake aiki? Ya sunkuyar da kai ya ce, Yaya, na ɗan lokaci ne. Daga takwas na safe zuwa bakwai na yamma yake tsaye, a ba shi fam arba'in, ranar da aka yi ruwa ba ciniki a ce ya koma gida ba ko sisi. Mai wurin ya riƙe masa kuɗin mako guda wai ajiya, don kada ya gudu. Kwana uku a mako na irin wannan tsayuwa awa 33 ne, alhali bizar ɗalibi awa 20 ta yarda da shi a lokacin karatu. Na yi masa magana, wasu manya ma sun yi, ya ce bari ya haɗa kuɗin makaranta tukuna. Jami'an shige da fice suka zo wurin da safe. Ba takardar albashi, ba kwantiragi, ba abin da zai nuna, sai abokan aikin da kowa ke ta kansa. Aka soke bizarsa, ya koma gida bai kammala ba, gonar da aka sayar aka turo shi kuma ta tafi. Har yau idan na tuna hannun nan raina ɓaci yake.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yanzu ina jin masu cewa "ai kowa na yi". Ba kowa ke yi ba, kuma wuraren wankin mota na cikin inda jami'an suka fi kai samame, tare da shagunan gyaran farce da na aski da gidajen abinci. Tun dokar shige da fice ta 2016 yin aiki ba da izini ba laifi ne a kan ma'aikacin kansa: ana iya ƙwace abin da ya tara, ana iya ɗaure shi har wata shida. Mai bizar aikin kula da tsofaffi ma ya kiyaye, ƙarin awa 20 da aka yarda masa na wasu ayyuka ne da aka lissafa, wankin mota ba ya ciki. Ɗalibin da ke tunanin sayen bokiti da injin feshi ya riƙa bin gidaje yana wanki da kansa, shi ma ya sani bizarsa ta hana sana'ar kai gaba ɗaya, ko da awa ɗaya ce.

Jama'armu a nan ba sa barin nasu ya wulaƙanta, wannan kam ina alfahari da shi. Na ga an yi karo-karo cikin dare ɗaya an biya wa ɗalibi haya, na ga masu aiki a ɗakunan ajiyar kaya da asibitoci suna sanar da guraben aiki na halal kafin a tallata su. Amma sai ka buɗe baki. Jami'o'i ma na da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, kuma akan yarda a rarraba maka biyan kuɗin makaranta idan ka je da wuri, ba bayan wa'adi ya wuce ba. Wanda aka riƙe wa kuɗi ya je Citizens Advice, shawara kyauta ce. Wanda aka karɓe wa fasfo, ko aka ajiye shi a ɗakin mai wurin ana cire haya daga ladansa har ba ya iya tafiya, ya kira layin taimakon waɗanda ake bautarwa, 08000 121 700, dare da rana, ba sai ya faɗi sunansa ba.

Kai kuma mai kai mota, ka buɗe ido kafin ka miƙa mukulli. Duba ko ma'aikatan na da takalmin ruwa da safar hannu da rigar leda. Duba ko ana karɓar kati ana ba da rasit, ko kuwa tsabar kuɗi kawai, mutum ɗaya ke karɓa yana cusawa a aljihu. Duba ko akwai katifu ko shanyar kaya a bayan kwantena. Akwai manhajar Safe Car Wash da wata ƙungiya ta Cocin Ingila ta fitar a 2018, wadda ke yi maka irin waɗannan tambayoyi ta kai rahoto. Ka kwashe waya da kuɗi da takardu daga motar, ka zagaya ka duba fenti da madubai kafin ka tashi, domin da ka fita daga filin ba wanda zai saurari ƙorafinka. Idan za ka yi ihsani, ka sa shi a hannun wanda ya yi wankin, kada ka jefa a gwangwanin da ke kan teburin mai wurin.